Ga amsarka ƙanena, kan sabbin waƙoƙin indi da tikitin wasa

Assalamu alaikum ƙanena,

Tambayar da ka jefo min a bainar jama'a ta tsaya min a rai, kuma tunda a gaban mutane ka yi ta gara amsar ma kowa ya gani. Cewa ka yi, "Yaya, duk Juma'a sai ka dame mu da wane ya saki sabon albam, wance za ta yi wasa ku sayi tikiti, alhali mawaƙan nan ba wanda ya san su, waƙoƙin kuma ga su nan a waya kyauta. Ina kake samo labarin, kuma mene ne na kashe kuɗi?" Wallahi ban ji haushi ba, tambaya ce mai kyau, kuma na san ba kai kaɗai ke da ita a ciki ba, kai ne dai ka fito ka faɗa.

Da farko dai idan ka ji an ce indi ana nufin mawaƙin da ke cin gashin kansa, wanda ba ya ƙarƙashin manyan kamfanonin nan uku da suka mamaye kasuwar waƙa ta duniya, wato Universal da Sony da Warner. Ko dai shi ke sakin waƙarsa da kansa ta hannun masu rarrabawa irin su DistroKid da TuneCore, ko kuma yana tare da ƙaramin kamfani mai zaman kansa. Abin ya daɗe. A 1977 wasu samari 'yan Manchester da ake kira Buzzcocks suka ranci kuɗi wajen 'yan'uwa da abokai suka buga faifansu guda dubu da kansu, ba su jira wani kamfani ya ce musu sun isa ba, kuma wannan ya buɗe wa mutane da yawa ido. Maganar ba wanda ya san su kuwa, ai Adele ma a kamfanin XL ta fito, kamfani mai zaman kansa a Landan, sannan Arcade Fire suna ƙarƙashin ƙaramin kamfanin Merge suka ci babbar kyautar Grammy ta albam ɗin shekara a 2011. Duk wanda ka ga ya cika filin ƙwallo yau akwai ranar da ya rera wa mutum talatin.

Maganar Juma'a ba ni na zaɓe ta ba. A da kowace ƙasa da ranarta, Birtaniya Litinin, Amurka Talata, sai aka ga kafin albam ya isa wata ƙasar 'yan satar fasaha sun riga sun watsa shi a intanet, shi ne daga 10 ga Yuli 2015 aka tsayar da Juma'a ta zama ranar sakin sabbin waƙoƙi a kusan duk duniya. Tsarin ya yi wa manya daɗi, amma ƙanana sun ji a jikinsu, don yanzu yaron da ya naɗi waƙa a ɗakin kwanansa rana ɗaya yake fitowa da tauraruwar da aka zuba wa miliyoyi a talla. Ka ƙara da cewa a kullum sama da waƙa dubu 100 ake ɗorawa a manhajojin sauraro, to ka ga waƙar da mutum ya yi shekara biyu yana fama da ita za ta iya nutsewa kafin Litinin ba wanda ya ji ɗuriyarta. Shi ya sa nake kwarmato ranar Juma'a. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe, kwanakin farko su ne manhaja ke kallo ta ga ko mutane na sauraro har ƙarshe, suna adanawa, suna tura wa wasu, daga nan take yanke ko ta kai waƙar kunnen baƙi ko ta bar ta nan.

Yanzu mu zo kan kyautar da ka ce. Ni ma ina sauraro a Spotify da YouTube kullum, ban ce ka daina ba. Amma ka san yadda kuɗin ke tafiya? Ana tara kuɗin masu biya da na talla a tukunya ɗaya, kamfanin ya cire nasa, sauran a raba gwargwadon yawan sauraron da kowa ya samu a cikin jimilla, wato ko da wata guda ka yi ba ka ji kowa ba sai wannan mawaƙiyar da kake so, mafi yawan kuɗinka wajen manyan taurari zai tafi. Abin da ke faɗowa kan sauraro ɗaya bai kai senti ɗaya na dalar Amurka ba. Sannan daga 2024 Spotify ta ce duk waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 a cikin wata 12 ba, ba ta da ko sisi. Wannan dokar ta ɓata min rai sosai, don waɗanda ta taɓa su ne dai masu tasowa.

Ka kwatanta da Bandcamp, shafin intanet da mawaƙa ke sayar da waƙoƙinsu kai tsaye ga masu sauraro. A can idan ka sayi albam kamfanin na cire kashi 15 cikin ɗari, sai ɗan kuɗin hada-hadar biya, sauran duk na mai waƙa ne ko ƙaramin kamfaninsa, kuma cikin 'yan kwanaki yake ganin abinsa. Albam ɗaya da ka saya ya fi masa sauraro sama da dubu. A Maris 2020 da korona ta rufe duk wuraren wasa suka fito da abin da suke kira Bandcamp Friday, wasu Juma'o'in da suke yafe nasu kason gaba ɗaya, kuma mawaƙa da yawa kan saita sabon sakinsu ya faɗo a irin wannan rana. An sayar da kamfanin sau biyu tun daga nan, ga Epic Games a 2022 sannan ga Songtradr a 2023, aka sallami kusan rabin ma'aikata, abin da ya sa hankalinmu ya tashi, amma dai har yanzu ni can nake saya.

To amma inda zuciyata ta fi karkata shi ne wasan kai tsaye, kuma a nan nake so ka saurare ni da kyau. Gani ya kori ji. Na taɓa shiga wani ɗan ƙaramin zaure da bai wuce ya ci mutum ɗari biyu ba, na je da wuri, na tarar da masu share fage a kan dandamali, mace ɗaya da jita da wani saurayi mai ganga, mu da ke tsaye ba mu fi goma sha biyu ba. Tana cikin waƙa ta uku tsirkiya ta tsinke, ba ta tsaya ba, ta saki jitar ta rataye a kafaɗarta ta ƙarasa baitin da murya zalla, ɗakin ya yi tsit har kana jin ƙarar fanka, kai har numfashin da take ja tsakanin layi da layi kana ji. Bayan an tashi na same ta a bayan wani teburi kusa da ƙofa, gumi bai bushe mata ba, tana ninke riguna masu sunanta tana jera faifai, ita ce mai sayarwa ita ce mai ba da canji ita ce mai sa hannu da maka a jikin kwali, shi kuma mai gangar yana ta kinkimar kayansa ɗaya bayan ɗaya zuwa mota. Na sayi riga ɗaya, ta riƙe hannuna da hannu biyu ta ce wannan rigar ita ce man da zai kai su gari na gaba. Tun daga ranar ban ƙara wuce irin wannan teburin ba tare da na tsaya ba.

Kuma ka sani ko a teburin nan ma ba duka ke shiga aljihunsu ba, wasu wuraren wasan sai sun yanki kasonsu daga cinikin riga da faifai, wani lokaci har kashi ɗaya cikin huɗu. Ga hayar mota, ga masauki, ga mai kula da sauti, ga makaɗa da za a sallama, ga biza idan za a tsallaka ƙasa. A 2022 mawaƙiyar Birtaniya Little Simz, wadda ta ci babbar kyautar albam ta Mercury a shekarar, ta ɗage rangadinta na Amurka ta ce ita mai zaman kanta ce, komai daga aljihunta take biya, idan ta tafi asara za ta tafka. A shekarar dai Santigold ta soke nata rangadin, Animal Collective ma suka soke na Turai, duk a kan tsadar tafiya. Waɗannan fa sanannu ne, to ina ga wadda na gani da tsinkakkiyar tsirkiya? Su ma wuraren suna mutuwa, ƙungiyar Music Venue Trust ta ce a 2023 kaɗai Birtaniya ta rasa ƙananan wuraren wasa 125, wasu sun rufe wasu sun daina kawo mawaƙa.

Shi ya sa nake nacin a sayi tikiti da wuri, kar a ce sai ranar a biya a ƙofa. Mai shirya wasa lissafi yake yi, idan saura sati biyu ya duba ya ga tikiti arba'in aka saya a zauren mutum ɗari uku, ba ya da yadda zai san akwai wasu ɗari da suka yi niyya a zuci, sai ya soke kawai ko ya mayar da wasan wani ɗan lungu. Ya faru da ni, na yi wata biyu ina ɗokin wani wasa ina cewa zan saya zan saya, rannan sai ga sanarwa an fasa saboda ba ciniki. Na ji zafin abin ƙwarai, don na san da ni da ire-irena ne muka jawo, kuma mawaƙan nan ba su sake biyowa ba.

Inda nake samo labari kuwa ba wani sirri. Ka bi mawaƙin a Bandcamp, duk abin da ya saki za a turo maka imel. Ka yi rajista da wasiƙar imel ɗinsa idan yana da ita, don Instagram da Facebook ba kowane mabiyi suke nuna wa sanarwa ba, amma imel kai tsaye yake zuwa, kuma a nan ake fara raba damar sayen tikiti kafin a buɗe wa kowa. Manhajojin Bandsintown da Songkick za su duba waɗanda kake sauraro su sanar da kai idan ɗayansu zai yi wasa kusa da kai. Ka riƙa bin ƙananan kamfanonin su kansu, irin su 4AD da Rough Trade da Domino, don idan ka so mawaƙi ɗaya a kamfani da wuya ka rasa na biyu. Ga bidiyon Tiny Desk na rediyon NPR da na tashar KEXP ta Seattle, a nan za ka ga wa ya iya waƙa ba tare da kwalliyar situdiyo ba. Dabarar da na fi so kuma ita ce idan an fitar da fostar manyan bukukuwan waƙa, kamar SXSW da ake yi a Austin a watan Maris ko Primavera Sound na Barcelona, sai in tsallake manyan sunayen sama in gangara can ƙasa inda aka rubuta da ƙananan baƙaƙe, in ɗauki sunaye biyar in saurara, ko ba zan je ba. Yawancin waɗanda nake dame ku da su daga nan na tsinto su.

Na san ba kullum ake da kuɗi ba, kuma ban ce ka matsa wa kanka ba. Idan babu, ka saurari waƙar har ƙarshe ranar da ta fito, ka adana ta, ka tura wa mutum ɗaya da ka san zai so ta da 'yar magana taka a kai, wannan ma ba ƙaramin abu ba ne. Idan da ɗan hali, ka zaɓi mawaƙi ɗaya tak cikin waɗanda ka fi saurara a bana, ka sayi albam ɗinsa, in ya sanar da wasa ka yanki tikiti a satin farko.

Wasa na gaba da zan je na riga na sayi tikiti biyu, ɗaya naka ne. Sharaɗi ɗaya kawai, mu isa kafin a buɗe ƙofa don mu ga masu share fage tun daga waƙar farko, kuma ka zo da abin toshe kunne, ƙananan zaurukan nan sautinsu na da ƙarfi. Kusa da teburin mai kula da sauti za mu tsaya, a nan aka fi jin komai daidai.

Naka,
Yayanka