Naƙudar ƙarya: mai ciki ta duba agogo kafin hankali ya tashi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ɗan ba ni fili in yi magana da 'yan uwana masu juna biyu, da mazajensu, da iyayen da ke kula da su. Ni ungozoma ce, kuma abin da nake gani a ɗakin haihuwa ne ya sa na rubuto.

Sau da yawa za a kawo mai cikin fari da tsakar dare, an haɗa kayan haihuwa, hankalin kowa a tashe. In na duba sai in tarar bakin mahaifa a rufe yake gam. Naƙudar ƙarya ce ta taso ta, wadda wani likitan Ingila mai suna John Braxton Hicks ya yi bayaninta a 1872, har ake kiranta da sunansa. Ita mahaifa tsoka ce, tana ɗaurewa tana saki tun ciki yana ƙarami, sai dai yawancin mata ba sa ji sai ya fara nisa. Cikin zai tattare ya yi tauri, in kika ɗora hannu kamar kin taɓa goshi, can kuma sai ya saki. Ƙishirwa tana tayar da ita, haka riƙe fitsari, gajiya, ko bayan saduwa da miji.

'Yar uwa, in kin ji haka, ki duba agogo. Ta ƙarya ba ta da tsari: ta zo yanzu, ta yi shiru, ta dawo bayan rabin awa, kuma galibi a gaban ciki take tsayawa. Ki sha ruwa sosai, ki je ki yi fitsari, in a tsaye kike ki kwanta ta gefen hagu, in a kwance kike ki tashi ki ɗan taka. Wanka da ruwan ɗumi ma yana taimakawa. Yawanci za ki ji ta lafa. Ta gaskiya kuwa ba ta jin rarrashi. Takan faro daga baya ta zagayo mara, tazarar tana raguwa, daga minti 10 ta koma minti 5, kowace murɗa ta fi ta baya ƙarfi, har magana ta gagare ki.

Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne matar da ake ce wa "ai da saura, ki daure" alhali cikinta bai kai mako 37 ba. Idan murɗar ta kai sau 4 zuwa 6 a awa guda kuma hutu bai kwantar da ita ba, wataƙila haihuwar bakwaini ce ke tafe. In ta iso asibiti da wuri, akwai allurar da ake yi mata don huhun jaririn ya yi ƙwari, kuma allurar tana buƙatar lokaci kafin ta yi aiki. Jinkirin kwana ɗaya yana iya hana yaron wannan damar.

Haka nan in faya ta fashe, ko jini ya ɓalle, ko motsin yaro ya ragu, ko ciwon ya ƙi saki sam, ko ga ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, to ba maganar agogo. A tafi asibiti nan take.

Ku kuma abokan aikina, don Allah mu riƙa yin wannan bayani a wajen awo, kuma mu daina yi wa mace faɗa don ta zo ba a lokacin haihuwa ba. Wadda aka kunyata yau, gobe a gida za ta zauna da ciwon gaske.

Wassalam,
Wata ungozoma