Kafin ka yi rajistar domen, ka san inda sunanka da lambarka za su je

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in ja hankalin 'yan uwa masu buɗe shafukan intanet na kansu, matasa da masu ƙananan sana'o'i da 'yan jarida da malamai, a kan wani abu da na ga kusan ba mai maganarsa. Yanzu kowa so yake ya mallaki domen, wato sunan nan da ake rubutawa a burauza mai ƙarewa da .com ko .org ko .net, kuma abu ne mai kyau wallahi. Damuwata ita ce fom ɗin da ake cikewa lokacin saye. Mutum zai zuba cikakken sunansa da adireshin gidan da yake kwana da iyalinsa da lambar wayarsa da imel, ya danna biya ya wuce, bai taɓa tambayar kansa ina waɗannan bayanan za su je ba.

To akwai wani kundi da ake ce wa WHOIS, tun wajen 1982 yake, lokacin da intanet ɗin ma bai wuce na jami'o'i da masu bincike ba, kusan kowa ya san kowa, in na'urar wani ta samu matsala sai a duba kundin a kira shi. Duniya ta canja amma kundin ya ci gaba da zama a buɗe shekara da shekaru. Hukumar ICANN da aka kafa a 1998 a Amurka, wadda ke kula da tsarin sunayen nan, ta wajabta wa kamfanonin da ke sayar da domen su karɓi bayanan mai saye, kuma a da duk wanda ya ga dama zai rubuta sunan shafinka kawai sai ga sunanka da titinku da lambarka sun fito, ba kalmar sirri ba izini ba komai.

Abin ya ɗan yi sauƙi daga 25 ga Mayu 2018 da dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, GDPR, ta fara aiki, dole ta sa kamfanoni da yawa suka fara rufe bayanan mutane, a Janairun 2025 kuma ICANN ta mayar da hankali kan sabon tsari mai suna RDAP a madadin tsohon. Amma fa kar wannan ya sa mutum ya saki jiki. Dokar ta Turai ce, wasu kamfanonin sun rufe wa kowa da kowa, wasu kuma sai ka nema da kanka ko ma ka biya. Ko an rufe ɗin ma sau da yawa ƙasa da jiha suna fitowa, sannan gurbin nan na sunan kamfani ko ƙungiya shi ma yana iya fitowa, kaga wanda ba shi da kamfani ya je ya sake rubuta sunansa a wurin ai shi ya tona kansa da hannunsa. In ba ka da kamfani ka bar gurbin fayau. Kuma domen na ƙasashe kowanne da dokarsa, misali .us na Amurka ba a yarda a ɓoye mai shi ta hanyar wakili ba sam, wato a sa bayanan wani kamfani a madadin nasa, sai mutum ya bincika kafin ya zaɓa.

Wani zai ce to ni me nake ɓoyewa, ai ba laifi nake ba. Ba maganar laifi ba ce. Akwai na'urori da aikinsu kenan dare da rana, kwashe bayanan sababbin domen, shi ya sa za ka ga mutum ya yi rajista yau, kafin mako ya zagayo wayarsa ta fara ruri da baƙin lambobi, wannan zai gina maka shafi, wancan zai kai ka saman Google, imel kuma ya cika da tarkace. Mafi muni su ne 'yan damfara masu turo saƙo da sunanka daidai da sunan domen ɗinka daidai da ranar da zai ƙare daidai, su ce ka danna nan ka sabunta yanzu yanzu ko ka rasa shi, kai kuma ganin komai ya yi daidai sai ka zuba musu lambar katinka. Wannan duk na kuɗi ne. Ka tuna da 'yar jarida da ke binciken masu ƙarfi, ko baiwar Allah da ta buɗe shafin sana'arta daga ɗakinta kuma akwai wani da ya addabe ta yana neman inda take. Ita adireshin nan maganar rai ce.

Sai dai inda na fi so a saurare ni shi ne nan. Mutane da yawa da suka ji wannan sai su ce shi kenan, bari in sa sunan ƙarya da lambar bogi da wani imel da ba na buɗewa. Don Allah kar a yi haka. A ƙa'idar ICANN kamfanin zai turo maka saƙon tantancewa, in ba ka amsa ba cikin kwana 15 za a iya dakatar da domen ɗin, shafi ya ɗauke, imel ɗin da ke kansa ya tsaya. Bayanan ƙarya da gangan kuma dalili ne da zai sa a soke rajistar gaba ɗaya. Ranar da wani ya sace maka akawun ko rigima ta tashi kan waye mai domen ɗin, da me za ka kare kanka alhali sunan da ke kai ba na kowa ba ne? Kamar ka sayi fili ne ka sa a rubuta takardar da sunan wanda babu shi a duniya. Ka ba kamfanin gaskiya, shi kuma ka sa shi ya rufe ta daga idon jama'a, hanyar kenan.

Rufewar ba wuya. Wurin biya za ka ga zaɓin kare sirri, kamfanoni irin su Namecheap da Cloudflare da Porkbun kyauta suke yinsa, in aka kunna sai bayanan wani kamfanin wakili su maye naka ko a nuna an sakaya su, mai son magana da kai kuma ya bi ta wani fom ko imel na musamman da zai iso gare ka ba tare da ya ga naka ba. Amma a kunna shi tun ranar farko, tun kafin a danna biya, wannan na nanata shi. Akwai kamfanoni irin su DomainTools da ke adana tarihin kundin nan, in bayananka suka fita ko na yini ɗaya ne wani ya riga ya kwafa, ka zo ka rufe daga baya tsohon yana nan a ajiye. Bayan ka gama ka shiga lookup.icann.org ka rubuta sunan domen ɗinka ka ga abin da duniya ke gani da idonka, minti biyu bai kai ba.

Kuma gaskiya ita ce rufewar tana da iyaka. Kotu ko jami'an tsaro ko mai ƙarar an ci masa alamar kasuwanci za su iya sa a buɗe, wannan kuma daidai ne, ba mafakar ɓarayi aka gina ba. Kamfanin kansa ma ana iya yi masa kutse, a Satumbar 2021 an fasa na Epik, wani kamfanin sayar da domen, aka watsa bayanai masu ɗimbin yawa ciki har da adireshin imel kusan miliyan 15. Shi ya sa ni shawarata mutum ya ware imel daban na wannan harka wanda yake dubawa a kai a kai, in yana da adireshin ofis ko akwatin gidan waya na gaskiya ya sa shi maimakon na gida, ya kuma kunna tantancewa mai mataki biyu a akawun ɗin, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara wata shaida ta biyu kafin a shiga.

Abu na ƙarshe, masu ba wa wani kwangilar gina shafi. Sau da yawa mai ginin shi ke yin rajistar da sunansa da imel ɗinsa, mai shafin yana murna wai ba a ga bayanansa ba, bai san a takarda domen ɗin ba nasa ba ne. Ranar da suka saɓa ko mai ginin ya ɓace shi kenan. Ka buɗe akawun da kanka, ka sa sunanka, ka kunna kariyar, sannan ka ba shi iya damar da aikinsa ke buƙata.

Ina fata Malam Edita shafinku na kimiyya da fasaha zai ɗauki wannan batu ya faɗaɗa shi da hotunan yadda ake kunna kariyar mataki mataki, don akwai masu karatu da yawa da sai sun gani a hoto za su iya bi. Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani mai bibiyar jaridarku