Zuwa ga ɗana mai shirin daren Laraba: ga amsar da ka nema

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka.

Ɗana, saƙonka ya iso. Ban ji shi kai tsaye ba, domin daren Larabar nan babu wuta a unguwarmu, batirin rediyona kuma ya daɗe da mutuwa. Da asuba, tun ban sa takalmi a ƙofar masallaci ba, mutum uku suka miƙo mini waya, kowa da guntun muryarka a WhatsApp. Na saurara sau biyu. Ba ka kama sunana ba, Allah ya yi maka albarka, sai dai ka faɗi tsohon muƙamina da unguwarmu da kalar babur ɗina. Sannan ka jefo mini tambaya uku a kunnen duk mai rediyo daga Wunti har Alkaleri. Ka ce wa ya ɗauki nauyina nake sukar shawarar a yi wa malaman firamare jarrabawa a kori waɗanda suka faɗi. Ka ce a wace makaranta 'ya'yana suke. Daga nan ka sassauta murya, irin yadda kuke yi in za ku soki mutum a haƙarƙari, ka ce: “Malam ya shekara talatin da biyar yana riƙe da alli. Ya gaya wa mutanen Bauchi, yara nawa ya koya wa karatu? Da irinsu sun yi aikinsu, da yau muna wannan magana?” Na ji wani a ɗakin ya yi dariya.

Ka ce layi a buɗe yake in kira. Na taɓa kira ai, makonni biyu da suka wuce. Ina cikin gaisuwa aka ce lokaci ya ƙure. Shi ya sa na zaɓi takarda.

Biyun farko ba za su ci mana lokaci ba. In akwai wanda ya ɗauki nauyina to bai iya aikinsa ba, don har yau tura babur ɗin nan nake yi kafin ya tashi, kuma ina cikin layin masu jiran garatuti. Daga 1999 zuwa yau kujerar gwamnan Bauchi ta zauna a hannun PDP, ta koma ANPP a 2007, APC ta karɓa a 2015, PDP ta dawo a 2019. Babu zamanin da ban rubuta takardar koke a cikinsa ba. Kwafinsu na nan cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadona, gara ta ɗan taɓa na farkon. 'Ya'ya kuwa bakwai Allah ya ba ni. Shida makarantar gwamnati suka yi. Autar tana makarantar kuɗi, yayanta ne ke biya, kuma ranar da na fara kai ta ta bayan layi na bi don kada iyayen ɗalibaina su gan ni. Wannan ka ci, na ba ka.

Ta ukun ce ta hana ni cin tuwon dare.

Yara nawa na koya wa karatu? Ban riƙe lissafi ba. Amma ina tuna guda ɗaya. A 1997 ina riƙe da aji biyu, akwai wani siririn yaro mai zama a bakin taga, rigarsa ta gado ce, ta sauko masa har gwiwa. In an ce ya rubuta “baba” sai ya rubuta “dada”. Ƙugiyar ƙ da ɗ kuwa bai san da zamansu ba. Yara suna yi masa dariya, shi kuma da hawaye kusa. Na riƙa tsare shi bayan an tashi, mu zauna a gindin dogonyaron da ke bayan ofis, ina share ƙasa da tafin hannu yana zana harafi da yatsa. Zango guda muka yi a haka, ni da yunwa, shi da yunwa. Ranar da ya karanta wa kakarsa wasiƙar da kawunsa ya aiko daga Legas, tsohuwar nan ta turo shi gidana da kwano cike da soyayyiyar gyaɗa. Yaron nan shi ne ya karanta takardar tambayoyin ranar Laraba. Na kasa kunne sosai, ɗana. Ba ka yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, har ƙugiyar ƙ ta fito raɗau. Na ce alhamdu lillahi, ko ba komai an samu ɗaya.

Tunda ka tambaya a bainar jama'a, bari in ba ka har abin da ba ka nema ba. Akwai waɗanda na kasa. Da na zama hedimasta na sa hannu yara sun wuce aji huɗu, aji biyar, ina sane ba su iya haɗa baƙi da wasali ba, saboda in na tsayar da su babu inda zan zuba na bayansu. Na sa hannu a rajistar malamin da ba na ganin fuskarsa sai ƙarshen wata. Wasu daga cikin yaran nan yau suna tura baro a kasuwar Muda Lawal, in sun gan ni su durƙusa su gaishe ni, ni kuma in rasa inda zan sa idona. Wannan hisabi ne tsakanina da Ubangijina, ban buƙaci rediyo ta tuna mini ba.

Amma abin da na faɗa a taron kwamitin makarantarmu, wanda ake kira SBMC, ba shi kuka sa wa jama'a ba. Kun yanko inda na ce “korar malamai ba za ta gyara komai ba”, kuka bar kan maganar da jelarta. Ga abin da na ce: a yi jarrabawar, ni ma in za a bar tsoho ya zauna zan zauna. Sai dai a saman kowace takarda, ƙarƙashin suna, a ƙara layi ɗaya: wa ya kawo ka?

Na san dalilin da ya sa na faɗi haka. Wata safiya, ana saura 'yan watanni zaɓe, wani saurayi ya shigo ofishina da takardar kama aiki, da wata 'yar guntuwa an maƙala mata da allura. A jikinta layi biyu ne da jan biro: wannan namu ne, a kula da shi. Na ba shi alli na ce ya rubuta kwanan wata a allo da Turanci. Ya tsaya yana jujjuya allin har ya karye. Na rubuta wa ofishin ilimi na ƙaramar hukuma. Amsar da na samu, bayan mako uku, takardar sauyin wurin aiki ce, ni aka ɗauke zuwa wata makaranta da sai an tuɓe takalmi an tsallaka rafi da damina. Saurayin bai motsa ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai jan biron nan, ko ɗan'uwansa a sana'a, shi ne yau yake zaune a kujerar baƙi a ɗakinku yana kukan malamai jahilai ne, kai kuma kana cewa “ƙwarai kuwa, ranka ya daɗe”.

Kullum Kaduna kuke kawowa misali, to mu je Kadunan. A 2017 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa samun maki 75 cikin ɗari, aka sallame su, ƙungiyar malamai ta NUT ta tafi yajin aiki. Wasu takardun da aka baza a lokacin abin kunya ne, ba na musu. Amma an sake yin wata, a 2022 aka sake sallamar 2,357. Ko wannan bai isa a tambaya ba, daga ina suke ɓullowa? A 2024 mafi ƙarancin makin JAMB na shiga jami'a 140 ne, na kwalejin ilimi kuwa 100, cikin 400. Wato wanda ko'ina ta ƙi shi muke turawa Azare ko Kangere ya yo NCE, mu damƙa masa 'yan shekara shida, sannan mu zo rediyo muna mamaki. Yaron kirki da ya fito da sakamako mai kyau, kai za ka ba shi shawarar ya yi koyarwa? Kai ma ai ba ka yi ba.

Sai albashi. Kuɗin malamin firamare daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Kun yi mako kuna muhawara kan wa ya ci, gwamnoni ko Abuja. Ban ji wanda ya tambayi makomar malami ba. Mu da muka ga 1991, lokacin da aka rushe hukumar firamare ta ƙasa aka miƙa mu ga ƙananan hukumomi, mun san abin da ake nufi da wata ya mutu wani ya kama aljihu wayam. Sai da aka dawo da hukumar a 1993. A tsakanin nan ne abokaina da dama suka koyi acaba da noman rani, wasu ba su sake komawa aji da zuciya ɗaya ba.

Inda hankalinku ke tashi shi ne gini. Na gane dalili. Dokar ilimin bai-ɗaya a matakin farko, wato UBE, ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, jiha ta ajiye nata daidai da na Abuja kafin ta ɗauka, kuma kaso mai tsoka na wannan kuɗi a bulo da kwano yake ƙarewa. Gini yana da kwangila, yana da allon suna, ana yanka masa ƙyalle. Yaro ya iya karatu ba a yanka masa ƙyalle. Na taɓa ganin bikin buɗe azuzuwa uku a makarantar da nake shugabanta. Bangon da ke kallon titi aka yi wa fenti. Ana gobe biki tifa ta kawo bencina daga wata makaranta, aka zaɓo yara masu cikakken yunifom aka zaunar, sauran aka ce su huta a gida. 'Yan jarida suka zo a bas guda, suka ɗauki abin da aka nuna musu, suka bi wani mai babbar riga bayan mota, kowa ya fito yana gyara aljihu. Kafin la'asar tifar ta dawo ta kwashe kayanta. Da daddare na ji a labarai cewa an kawo ƙarshen zaman ƙasa a makarantarmu. Babu wanda ya zagaya bayan ginin, taku ashirin, inda 'yan aji ɗaya ke zaune a kan buhunan siminti.

Su ma 'yan adawa kada su yi murna da wannan wasiƙa. In sun sayi rabin awarsu, rufin da iska ta yaye kaɗai suke gani, kuma makarantar da ke mazaɓar abokin gaba. Ranar da suka hau, rufin nan ya daina zuba a rediyo. Na ga sojan baka ɗaya ya yi kuka da hawaye kan wata makaranta a wannan zaɓe, a na gaba ya rantse babu irinta a Arewa maso Gabas, alhali ko ƙusa ba a ƙara mata ba.

Na san tasha ba ta tafiya da ruwan rijiya. Tun da aka ba 'yan kasuwa damar buɗe gidajen rediyo a 1992, dizal da albashi daga talla da sayar da lokaci suke fitowa, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ban ga laifin neman abinci ba. Amma shirinka kullum yana buɗewa da cewa “wasu masu kishin jiha” ne suka ɗauki nauyinsa. Tunda kai ka fara tambayar nauyi, su wane ne? Suna da sunaye? A gari ana cewa wai akwai kujerar mai ba da shawara kan yaɗa labarai da ake hange. Ni ban ce ba, kunnena ma ya yi nauyi. Na dai lura cewa a wata shida ka gayyaci kwamishina, ka gayyaci 'yan majalisa, ka gayyaci shugabannin matasan jam'iyya, ba ka taɓa zaunar da malamar aji ɗaya ko uwar yaro a kujerar nan ba. An ce wanzami ba ya son jarfa, ka yi haƙuri.

Garin nan ya san tambaya tun kafin a haife mu. A farkon shekarun 1940 Abubakar Tafawa Ɓalewa da Aminu Kano, dukansu malamai a Midil ta Bauchi, tare da Sa'adu Zungur, suna da zauren muhawara da Turawan mulki da manyan En'e ke halarta. Tambayoyinsu sama suke dosa, har suka yi wa hukuma zafi aka rufe zauren. Taka kuwa ka ɗaga ta da ƙarfi ka sauke a kan ɗan fansho.

Ga abin da nake roƙo. Ranar Litinin da ƙarfe takwas ka same ni a ƙofar makarantar da ka yi, ka san hanya. Ka zo da na'urarka, kada ka sanar da kowa, kada ka zo da baƙo. Za mu nemi izinin hedimasta mu shiga aji uku. Kai za ka zaɓi yara goma da hannunka, ka ba kowa layi huɗu na Hausa ya karanta. Daga nan ka tambayi malamar yara nawa ne a rajistarta, yaushe rabonta da ƙarin girma, littafi nawa gare ta. Ka nemi jerin malaman da ke karɓar albashi da sunan makarantar, mu ƙirga waɗanda ke tsaye a aji. Abin da ka naɗa ka sa shi ranar Laraba yadda yake, ba yanka. In masu kishin jiha sun ce ba su yarda ba, ka faɗa wa masu sauraro sun ce ba su yarda ba, ni wannan ma ya ishe ni.

Dogonyaron yana nan, an sare masa reshe ɗaya. Ka gaishe mini da mahaifiyarka, ka ce mata ina yi mata ya jiki.

Wassalam,
Malaminka na aji biyu,
Bauchi.