Dan Allah a kawo mana na'urar gwajin taurin ƙarfe Garwa

Assalamu alaikum Malam Edita, ina yi maka fatan alheri da dukkan ma'aikatanka.

Ni bakanike ne anan Garwa, abinda yasa na rubuto shine wahalar da muke sha da kayan gyaran mota, zaka sayi giya ko boris sabo fil yana ƙyalli amma kafin wata ya zagayo ya cinye saboda ƙarfen bashi da tauri, mai mota kuma kai zai zaga. Wallahi abin yana min ciwo, don hanyar gane taurin ƙarfe ba yau aka ƙirƙiro ta ba.

Maƙeranmu sun daɗe suna goga magagari a jikin wuƙa, in ya ci to ƙarfen yayi laushi, in ya zame to yayi tauri. Kusan irin wannan dabarar ce wani Bajamushe Friedrich Mohs ya tsara a 1812, ya jera duwatsu 10 daga mafi laushi har lu'ulu'u, wanda ya karce ɗan uwansa shine ya fi tauri. Sai a 1900 injiniya Johan Brinell na ƙasar Suwidin ya zo da abinda yafi burge ni, ya ɗauki ƙwallon ƙarfe mai faɗin milimita 10 ya danna shi kan ƙarfen da nauyin kilo 3000, sannan ya auna faɗin ramin da ya bari, rami babba ƙarfe mai laushi kenan, kaga yanzu magana ta zama ta lamba ba ta rantsuwa ba. A Amurka Hugh Rockwell da Stanley Rockwell da suke aiki a kamfanin boris suka samu rajistar tasu na'urar a 1919, ita zurfin ramin take aunawa kuma nan take zaka karanta. Na'urar kamfanin Vickers na Ingila ta biyo a 1921 da tsinin lu'ulu'u. A 1975 ma Dietmar Leeb ya fito da ƙarama wadda zaka riƙe a hannu.

To Malam Edita kirana ga shugabannin ƙungiyarmu ta kanikawa da maƙera, mu haɗa kuɗi mu sayi ko guda ɗaya irin ta hannun nan a ajiye kusa da kasuwar kayan gyara, malaman makarantun koyon sana'a da na jami'ar Marwa da Ngaundere su koya wa yaranmu karanta lambar, duk mai sayen kaya ya biya ɗan abu kaɗan a gwada masa kafin ya miƙa sefarsa.

Nagode, Allah ya ƙara basira.

Naka,
wani bakanike daga Garwa, Kamaru