Kabarin Kazanlak da tukwanen Bura

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon fili domin in yi tsokaci kan kabarin Kazanlak na ƙasar Bulgeriya, wanda sojoji suka tono a 1944 suna haƙan maɓoya, UNESCO kuma ta sanya shi cikin kayan tarihin duniya a 1979. Mutanen Tirakiya, wata tsohuwar al'umma da ta zauna a yankin, su ne suka gina shi fiye da shekara 2,000 da suka wuce, kusa da birnin sarkinsu Seutes na Uku.

Zanen da ke cikin kubbarsa shi ya fi ɗaukar hankalina: miji da mata zaune gaban teburin abincin bankwana, sun riƙe wuyan hannun juna, barori na kawo musu kaya, a can sama kuma kekunan dawakai na tsere. Mamacin babban mutum ne, shi ya sa aka raka shi da duk alamun mulkinsa. Saboda numfashin baƙi na ɓata fenti, an rufe ainihin kabarin, aka gina kwafinsa kusa da shi domin masu ziyara.

Mu kuwa a nan Nijar, tukwanen maƙabartar Bura da aka gano a 1975, ɓarayin kayan tarihi sun daɗe suna kwasarsu zuwa Turai. Ina kira ga hukumomi da su ƙarfafa tsaron wuraren, su kuma nuna wa ɗalibai kwafinsu a makarantu.

Wassalam,
Wani malamin tarihi, Yamai