A Ɗora Wa Mai Sayen Gida Na Biyu Da Na Uku Ƙarin Haraji

Malam Edita, assalamu alaikum, ina yi maka fatan alheri kai da abokan aikinka. Don Allah ka ɗan ba ni fili in yi magana kan tsadar gida a garuruwanmu na arewacin Kamaru, musamman Marwa da Garwa, da wata dabara da wasu ƙasashe suka kama wadda nake ganin ya kamata hukumominmu su duba ta da idon basira.

A Ingila tun watan Afrilu na 2016, zamanin da George Osborne ke ministan kuɗi, duk wanda yake da gida ya tashi sayen wani, ko na shaƙatawa ne ko na zuba 'yan haya, sai ya biya ƙarin kashi 3 cikin 100 na kuɗin gidan a kan harajin saye da kowa ke biya. A ƙarshen Oktoban 2024 ministar kuɗi Rachel Reeves ta mayar da shi kashi 5. Wato gidan fam dubu 300, ƙarin kaɗai fam dubu 15 ne, sama da sefa miliyan 10 ke nan kafin ma a karɓi makulli. Sikotilan nasu ya kai kashi 8. Singafo kuwa ba sa wasa, ɗan ƙasa mai sayen gida na biyu kashi 20 yake ƙarawa, baƙo kashi 60. Kuma 'yan uwanmu da ke zaune a Ingila su sani, gidan da kake da shi ko'ina a duniya ana lissafa shi in darajarsa ta kai fam dubu 40, ko da a unguwar Domayo ta Marwa yake.

Dalilinsu a bayyane yake, matashin da ya yi shekaru yana tara kuɗi don ya sayi gidansa na farko ba zai iya ja da mai gida biyar a wurin ciniki ba, toh sai hukuma ta ɗan sa wa mai kuɗin nauyi don shi ma ƙaramin ya samu ya kai hannu. Wallahi ni na ga adalci a cikin wannan.

Mu dubi namu. Tunda aka buɗe jami'ar Marwa a 2008 ɗalibai suka cika gari, sannan rikicin Boko Haram ya koro mutane daga Kolofata da Amchide da ƙauyukan Mayo Tsanaga, ga ambaliyar 2024 da ta rushe gidaje a wajen Yagwa, kowa neman ɗaki yake. Garwa ma ta samu jami'arta a 2022. Masu hannu da shuni sun gane haka tuntuni, da zarar magada sun sa gidan gado a kasuwa dillali ba ya ma kallon malamin makaranta ko mai ɗinki, kai tsaye wayar Alhaji yake kira, Alhaji ya biya nan take ya rushe ya yanka ƙananan ɗakuna ya ce sai kuɗin wata shida a dunƙule ga kosiyon, wato kuɗin ajiya, a kai, shi kuma ɗan unguwar da aka haifa a layin sai ya kwashi iyalinsa ya koma bayan gari inda ba famfo ba wuta. Ba na cewa neman halak laifi ne, Allah ya ƙara wa kowa arziki, amma muhalli ba buhun masara ba ne da za a tara a jira ya yi tsada.

Na san abin da za a ce, mai gida zai juye harajin a kan ɗan haya. Can Ingila ma masu gidajen haya sun yi ta wannan ƙorafin, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai wannan harajin sau ɗaya ake biyansa, ranar saye, ba kowane wata ba, gidajen hayar da suke tsaye yanzu bai taɓa su ba sam, don haka mai gidan da ya ƙara haya da sunan wannan haraji ƙarya yake. Kuma wanda ya sayi fili ya gina sabbin ɗakuna ƙara mana muhalli ya yi, shi kam a sassauta masa. Wanda nake nufi shi ne mai bin gidajen da aka riga aka gina yana kwashewa.

Sannan dole a bambanta. Bazawarar da mijinta ya bar mata gida tana hayar ɗaki biyu tana ciyar da marayu ba ita ba ce matsalar. Wanda ya gaji wani kaso a gidan mahaifinsa tare da 'yan uwa goma ba za a ce masa mai gida ba ranar da ya tashi sayen nasa. Mai mata biyu da ya raba musu gida shi ma a duba lamarinsa, don mu a nan abu ne na yau da kullum. Ko a Ingila wanda ya sayi sabon gida kafin ya sayar da tsohon da yake ciki, in ya sayar cikin shekara 3 ana mayar masa da kuɗinsa.

Inda gizo ke saƙar shi ne takarda. Dokar filaye ta 1974 ta ce titir fonsiye, wato takardar fili ta hukuma, shi ne shaidar mallaka, kuma cinikin gida mai titir sai a gaban notar, wato jami'in da doka ta ba ikon rubuta irin wannan ciniki, amma yawancinmu takardar hannu muke yi a gaban lawan ko jauro da shaidu. In hukuma ba ta san gidan wane ne wannan ba, ta yaya za ta san na biyu ne ko na bakwai? Wasu ma da sunan 'ya'yansu za su riƙa saye. Don haka ina roƙon 'yan majalisarmu na jihohin arewa uku, in an zo muhawarar kasafin kuɗi a Yawunde su kawo maganar nan haɗe da sauƙaƙa wa talaka yin titir, a rage wa mai sayen gidan farko kuɗin rajista, abin da aka karɓa a hannun masu tara gidaje kuma a rubuta a doka cewa gidaje masu rahusa za a gina da shi a garin da aka karɓe shi, mu gani da idonmu.

Na gode Malam Edita.

Naku, mai karanta jaridarku daga unguwar Domayo, Marwa.