Daga Bakin Tekun Kartahena Zuwa Fadamar Haɗeja

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in ba masu karatu labarin wata unguwar masunta da na ziyarta a ƙasar Kolombiya, saboda abin da idona ya gane mini a can ya shafe mu, mu mazauna fadamar Haɗeja.

Ni malamin gona ne a Guri, kuma dangin mahaifiyata duk masunta ne. Allah ya nufa aka tura ni kwas kan noman shinkafa kusa da birnin Kali, da muka kammala sai aka kai mu Kartahena, tsohon birnin da Sifaniyawa suka kafa a 1533 a bakin Tekun Karibiyan. Abokan tafiyata sun nufi ganuwar birnin, wadda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1984, ni kuwa na roƙi tafintanmu ya kai ni inda masunta suke. Ya kai ni La Bokiya, wata unguwa da ke arewa da filin jirgin sama, a kan wani siririn tudun yashi, teku a gefe guda, wani babban tafki mai suna Siyenaga de la Birhen a ɗaya gefen.

Da hantsi muka isa, ranar aiki, unguwar tsit, ban da ƙarar igiyar ruwa da kwasa-kwasa da ke faɗawa cikin teku suna cafkar kifi. Rumfunan da aka rufe da ganyen kwakwa babu kowa a ciki, sai wata dattijuwa da ke soya wani kifi mai kama da karfasa, wanda ta haɗa mana da shinkafa dafaffiya da ruwan kwakwa da soyayyen agade. Mutanen unguwar baƙaƙe ne kamar mu, jikokin waɗanda aka kwaso daga Afirka aka sauke a tashar jiragen ruwan birnin a zamanin cinikin bayi. Daga bayan gidajensu na katako da kwano kuwa ana hango dogayen benaye na otal-otal suna ta matsowa, abin da ya sa zuciyata ta ƙi kwanciya.

Wani dattijo ya ɗauke mu a kwale-kwalensa, yana tura shi da gora, muka shiga cikin wasu itatuwa da suke kira mangile, masu tsiro a ruwan gishiri, saiwoyinsu a waje kamar yatsun kaza, rassansu sun haɗe a sama har rana ba ta ratsawa. Da muka fito sarari sai ya miƙe, ya ciji bakin birginsa, wato ragar kamun kifi, da haƙori, ya rataya sauran a hannu, ya juya jiki ya watsa shi, ya buɗe a kan ruwa kamar faifai. Wallahi haka kawuna yake jefa birgi a kogin Marma da ke yankinmu, babu bambanci ko na ƙwayar zarra, kuma sai da idona ya ciko da ƙwalla.

Shi ne ya ba ni labarin tafkin ta bakin tafinta. Shekaru da dama dattin birnin cikinsa yake kwarara, titin da aka shimfiɗa a bakin teku kuma ya rage hanyoyin da ruwan teku ke bi ya shiga ya wanke shi, har ruwan ya yi wari, kifi ya riƙa mutuwa. A shekarar 2000 aka buɗe wata mashiga mai ƙofofi, da taimakon ƙasar Holan, wadda ke barin ruwan teku ya shiga idan ya yi tashi, ya fita da gurɓataccen idan ya janye, sannan a 2013 aka karkatar da dattin birnin ta wani bututu zuwa can cikin teku. Tafkin bai warke sarai ba, na ga leda da robobi maƙale a saiwoyi, amma ruwan yana motsi, ƙananan kifi da ƙaguwa suna samun mafaka, masuntan kuma da kansu suke dasa sabbin itatuwan.

Ya Edita, ciwon namu ruwan ke nan: ya daina motsi yadda Allah ya tsara masa. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, kogin Haɗeja ya bar tsohuwar ɗabi'arsa ta cika da damina ya janye da rani, sai ya koma ɗan ruwa kwance shekara zagaye, laka na taruwa, ciyawar kacalla kuma ba abin da take so kamar haka. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren su, ta zama masaukin tsuntsayen jan-baki masu gamawa da amfanin gona, idan ruwa ya yi yawa kuma ya rasa hanya sai ya afka wa ƙauyuka, kamar yadda muka ɗanɗana a 2022. Ban raina amfanin madatsun nan ga manoman rani na Kano ba, 'yan'uwanmu ne, amma na ƙasa ma suna da haƙƙi a ruwan.

Mutanenmu ba su zauna ba. Duk shekara ana yin gayya, matasa su shiga ruwa har ƙirji da lauje suna yankan kacalla, kafin wata uku ta sake tofowa, domin yanka ba ya magance abin da ke haifar da ita. Don haka nake kira ga hukumomin da abin ya shafa da gwamnatocin Kano, Jigawa da Yobe su zauna su tsara yadda za a riƙa sakin ruwan madatsun da yawa a lokacin damina, a rage shi da rani har ƙasa ta bushe, a kuma yashe bakin kogin Burum Gana da sauran hanyoyin da suka toshe. Idan za a yi zaman, a gayyaci sarakunan ruwa da masunta, domin su ne suka san inda kowace hanya ta bi kafin ciyawa ta rufe ta.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin gona,
Guri, Jihar Jigawa.